LANTARKI A BAKIN RUWA

Yau karatunmu a kan wutar lantarki ne da ruwa.

Tun shekarar 1968 madatsar Kainji take ba da lantarki. Yanzu waya ta shiga ƙauyuka, janareta ya kai har fadama. Masu lambu suna jawo waya zuwa rijiya. A inda jiragen ruwa suke tsayawa kuma, ana jawo ta daga tudu domin fitila da cajin batir.

To, ku saurara. Ƙarfin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne. In waya ta ɓare ta taɓa ruwa, sai wutar ta bazu a ciki. Ba a ganinta, ba ta wari, ba ta ƙara. Kashi ɗaya cikin goma na wutar da ƙwan fitila mai wat 60 yake ci ya isa ya sandarar da hannuwan mutum. Sai gwanin iyo ya nutse, ko ihu bai yi ba.

Ruwan gulbi da na tafki sun fi na teku haɗari. Dalili kuwa, ruwan teku yana da gishiri, wuta tana binsa da sauƙi. A ruwan daɗi kuwa, jikin mutum ya fi mata sauƙin bi, sai ta bi ta cikinsa.

A Amurka an yi hasarar yara ta haka a tashoshin jiragen ruwa. A shekarar 2011 ƙa'idar aikin lantarki ta ƙasar ta ce a sa wa tashoshin nan na'urar da take yanke wuta da kanta in ta fara yoyo. Mu ma mu nemi irinta wurin gwanin lantarki.

Ga abin da za ku riƙe:

1. Kada a haɗa waya da tsumma ko leda. In ta ɓare, a sake ta.
2. A ɗaga waya da soket bisa itace, inda ruwa ba ya kaiwa.
3. A kashe inji kafin a taɓa famfo ko a shiga rijiya.
4. Kada yara su yi wanka kusa da jirgin da aka jawo wa wuta.
5. In kana iyo ka ji jikinka yana tsirawa, koma inda ka fito. Kada ka kama ƙarfe.
6. In wuta ta kama wani a ruwa, kada ka faɗa. Fara kashe wutar, sa'an nan ka miƙa masa busasshiyar gora. A kai shi asibiti ko da ya ce ya warke.

Masunta da masu fito, ku zauna da Sarkin Ruwa, ku naɗa mutum ɗaya mai duba wayoyi kowace safiya. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya kiyashe mu, amin.