Shekarar 1994: Abin Da Ya Faru A Duniya Da Abin Da Ya Iso Ƙofar Shagonmu



 An nemi mu ce wani abu a kan labarin duniya. Mu dai ba 'yan jarida ba ne, karatunmu na allo ne da na Islamiyya, sauran kuma a kasuwa muka koya. Saboda haka muka zaɓi shekara ɗaya tak da muka gani da idonmu, watau 1994. A lokacin muna samari, muna yaran shago a Kasuwar Monday, rediyon maigida na rataye a jikin ƙusa, da asuba a kama BBC, da rana a kama Jamus, da dare a koma Kaduna.

Dalilin zaɓen wannan shekara shi ne, akwai yaranmu da ke cewa labarin ƙasashen waje ɓata lokaci ne, ina ruwan mai sayar da atamfa da abin da ake yi a Faransa? To, jama'a, a saurara a ji.

Ranar 11 ga Janairu 1994 aka yi taro a Dakar, shugabannin ƙasashe rainon Faransa da wakilan Faransa da na asusun lamuni na duniya, IMF. Washegari aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi. Tun 1960 sefa 50 ke sayen faran ɗaya na Faransa, ranar nan ta koma 100. Ƙasashe 13 abin ya shafa, uku daga ciki kuwa su ne suka kewaye mu: Kamaru, Chadi da Nijar. Wanda ya san Yerwa ya san cinikinta ba na mutanen gari kaɗai ba ne. Mutanen Kusiri da Njamaina ta hanyar Gamboru Ngala, na Marwa ta Banki, na Diffa ta Damasak, su ne ke kwashe robobi, sabulu, yadi, batir da taki. Dare ɗaya kuɗin da ke aljihunsu ya zama rabi.

Maigidanmu, Allah ya jiƙansa, yana da sefa a ajiye da bai canza ba, yana jiran farashi ya ƙara kyau. Yana kuma bin wani abokin cinikinsa na ƙetaren iyaka bashin kaya, ba a rubuta ba, ba a kuma faɗi ko da naira za a biya ko da sefa ba. Mutumin nan ya kawo adadin sefar da ya sani, maigida ya ce ai yanzu ba ta kai kuɗin kayansa ba. Kowa da gaskiyarsa. Sai da dattawa suka zauna musu aka raba asarar biyu, amma zumuncin shekaru bai koma yadda yake ba. Su kuwa dillalan shanu dariya suka yi, domin dabbar Chadi da ta Nijar ta yi musu araha. Kun ji yadda kasuwa take, faɗuwar wani tashin wani.

A cikin watan nan dai gwamnatin Janar Sani Abacha ta karanta kasafin kuɗi, ta ɗaure dala a kan naira 22, ta kuma hana canjin bayan fage. Takarda ta ce 22, kasuwa ta ce a'a. Kafin shekara ta ƙare dala a hannun 'yan canji ta wuce ninki uku na farashin gwamnati, hauhawar farashin kaya kuma ta kai kashi 57 cikin 100. Da naira ta ci gaba da zubewa sai sefa ta sake yin nauyi a kanta, baƙinmu suka fara dawowa. Wanda ya yi haƙuri bai rufe shago ba, ya ga wannan dawowar.

A watan Fabrairu labari ya zo daga arewacin Ghana. A wata kasuwa kusa da Bimbila aka yi musu kan cinikin zabo tsakanin mutum biyu, ɗaya ɗan Konkomba, ɗaya ɗan Nanumba. Daga nan wuta ta kama, ta haɗa da Dagomba da Gonja, aka kashe mutum wajen 2,000, ƙauyuka da yawa suka ƙone, har yankin Salaga, tsohuwar kasuwar goro ta kakanninmu, bai tsira ba. Kowa ya san ba zabo ne asalin faɗan ba. Maganar ƙasa ce da sarauta, wa ke da wuri, wane ne baƙo. Amma a kasuwa aka ƙyasta ashanar. A watan nan ne kuma, ranar Juma'a 25 ga wata, tsakiyar azumi, wani Bayahude ɗan kama wuri zauna ya buɗe wuta a masallacin Annabi Ibrahim da ke Hebron ana sallar asuba, ya kashe mutum 29. Allah ya jiƙansu.

Sai watan Afrilu, wanda ya haɗa daɗi da ɗaci. Ranar 6 ga wata aka harbo jirgin da ke ɗauke da shugaban Ruwanda, Habyarimana, da takwaransa na Burundi. A cikin kwana kamar 100 aka kashe mutum wajen 800,000, akasarinsu 'yan Tutsi. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, yawancin kisan da adduna aka yi shi, maƙwabci ya sari maƙwabci, gidan rediyo kuma yana zuga mutane yana kiran 'yan uwansu kyankyasai. Harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, suna auratayya. Ranar 12 ga watan nan, a nan gida, rikici ya tashi a Jos kan naɗin Alhaji Aminu Mato a matsayin shugaban riƙo na ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, aka yi asarar rayuka da dukiya. An ɗauka ƙaramin abu ne, sai ga abin da ya biyo baya a Satumbar 2001. Ranar 27 kuwa baƙar fatar Afirka ta Kudu suka jefa ƙuri'a tare da kowa a karo na farko, ranar 10 ga Mayu aka rantsar da Nelson Mandela. Mutumin da ya yi shekara 27 a kurkuku ya fito bai nemi ramuwa ba, har ya ɗauki De Klerk cikin mataimakansa. A wata guda Allah ya nuna mana hanya biyu, ta Ruwanda da ta Mandela.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin mu mazauna ne a ƙasar Shehu. Akwai waɗanda a cikinmu kakanninsu suka zo almajiranci, Gabas ta riƙe su. Akwai waɗanda hanyar Makka ta biyo da su suka yada zango a nan. Akwai waɗanda fatauci da kamun kifi suka kawo. Unguwar Hausari ba jiya aka kafa ta ba. Kanuri sun karɓe mu, sun ba mu wuri, sun ba mu aure. Riƙon wannan amana ya fi kowane jari da muke da shi, kuma bakin yaro ɗaya a kasuwa yana iya ɓata shi.

Akwai shari'u biyu na wannan shekara a kotun duniya da ke birnin Heg. Ranar 3 ga Fabrairu kotun ta ce zirin Awuzu na Chadi ne, ba na Libiya ba, kuma kafin ƙarshen Mayu Gaddafi ya janye sojansa, bayan shekarun da aka kwashe ana yaƙi. Ranar 29 ga Maris Kamaru ta kai ƙarar Nijeriya kan Bakasi. Mu a nan muka ce wannan maganar mutanen kudu ce, ina Bakasi ina Barno? Ashe a watan Yuni Kamaru ta faɗaɗa ƙarar ta haɗa da yankin tafkin Chadi. Da ruwan tafki ya ja baya, masunta, da yawansu Hausawa, suka bi shi suka kafa garuruwa irin su Darak, ba su san sun tsallake iyaka ba. Ranar 10 ga Oktoba 2002 aka yanke hukunci, a watan Disamba 2003 Nijeriya ta miƙa ƙauyuka fiye da 30 a wannan yanki. Masu kifin banda na Hanyar Baga sun san abin da ya biyo baya na haraji da takardu. Ƙarar da aka shigar a Turai ta ɗauki shekara tara kafin ta iso kwandon kifi, amma ta iso.

A watan Mayu, ranar 23, aka yi turmutsitsi wajen jifan shaiɗan a Mina, alhazai 270 suka rasu. Babu wayar hannu a lokacin. Duk gidan da ke da alhaji sai zaman jira, har jirgi ya sauka a ga mutum da ido.

Siyasar gida ma ba ta bar mu ba. Ranar 11 ga Yuni Cif Mashood Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a Legas, ranar 23 aka kama shi. Abokin takararsa, Ambasada Babagana Kingibe, ɗan nan Barno, yana ministan harkokin waje a gwamnatin Abacha. Farkon Yuli ma'aikatan man fetur na NUPENG suka shiga yajin aiki, aka yi wajen wata biyu. Mu da ke ƙarshen hanya mun fi kowa ji a jika, domin motar da za ta taso daga Legas ko Anaca ko Kano sai ta sha mai kafin ta iso mu. Aka kwana a layi, kuɗin mota ya tashi, kaya suka yanke. A watan Oktoba gwamnati ta ɗaga litar fetur daga naira 3 da kwabo 25 zuwa naira 15, da aka yi kuka aka mayar da ita 11.

Kada mu manta da abin farin ciki. Ranar 10 ga Afrilu 'yan ƙwallonmu suka ci kofin Afirka a Tunisiya, suka doke Zambiya 2 da 1. A watan Yuni suka je gasar duniya a Amurka karo na farko, Rashidi Yakini ya buɗe da Bulgeriya aka tashi 3 da nema, sai Italiya ta fitar da mu da ƙyar, saura minti biyu a tashi Bajiyo ya rama. Daren nan babu wanda ya tambayi na kusa da shi ƙabilarsa.

Sannan watan Satumba ya zo da abin da ba rediyo ne ya faɗa mana ba. Damina ta yi ƙarfi, ruwa ya fi ƙarfin madatsar Alau, kogin Ngadda ya shigo gari. Muka kwashe abin da za mu iya a ka, muka bar saura. Mun ga hatsi ya tsiro a cikin buhu, mun ga littafin bashi ya zama kunu. Da ruwa ya janye kowa ya ce an ɗauki darasi. Shekara 30 cif, daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024, madatsar nan dai ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange, fadar Shehu, asibitin koyarwa, gidan ajiye namun daji da Kasuwar Monday, wadda ba ta daɗe da farfaɗowa daga gobarar Fabrairun 2023 ba. Hukumomi sun ce abin ya shafi mutum wajen miliyan ɗaya. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, mutum nawa ne a cikinmu ruwan 2024 ya samu a shirye fiye da na 1994?

Ba ruwan kaɗai ya maimaita ba. A 2023 an yi canjin takardun naira kuɗi suka ɓace a hannu, an cire tallafin mai a watan Mayu, an saki naira a watan Yuni, an rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Duk wanda ya ga 1994 ya gane fuskar waɗannan abubuwa.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya abu biyar. Na ɗaya, duk bashin da ya ƙetare iyaka a rubuta shi, da shaidu, a faɗi irin kuɗin da za a biya da shi. Na biyu, kada ɗan kasuwa ya tara jarinsa a kuɗi iri ɗaya ko a rumbu ɗaya, musamman shagon da ke gangare. Littafin bashi a ɗauki hotonsa a waya, a kuma ajiye kwafi a gida. Na uku, a kafa asusun ko-ta-kwana, kowa ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk wata, a sa amintattu uku a kai, a karanta lissafi a gaban kowa. Na huɗu, a yi rajistar 'yan ƙungiya unguwa unguwa, domin ranar ambaliya mun sha wahalar sanin wa ya fita, wa ya rage. Na biyar, dattawanmu su ci gaba da kai gaisuwa wurin bulamomi da lawanai da hakimai tun ana zaman lafiya, kada sai rigima ta tashi. Yaranmu kuma a ja musu kunne kan abin da suke turawa a WhatsApp, domin aikin da rediyon Ruwanda ya yi, yau waya ɗaya tana iya yinsa.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sauraren labarin duniya a wurin ɗan kasuwa shi ne shafa ruwan.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a yafe mana. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba Barno da Nijeriya lafiya, ya sa albarka a kasuwa, ya mayar da kowa gidansa lafiya.