Amsoshin Wasiƙunku: Ruwan Wanka Ya Ƙi Wucewa

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sayar da hatsi. Ya ce zai cire tsohuwar shawar banɗakinsa ya sa sabuwa, domin ruwan wanka yana kwanciya, ga wari, har gindin katanga ya fara jiƙewa. Yana tambaya, shin sabuwar shawa za ta magance wannan?

To Malam, gaskiya ba za ta magance ba. Ita shawa zubo ruwa kawai ta sani, matsalarka tana ƙasa, wajen magudana. Tunda dai za a taɓa banɗakin, a fasa daɓen a gyara gaba ɗaya.

Ka sayi fayif na roba mai faɗin inci 2, don ƙarami ba ya daɗewa gashi da dattin sabulu sun toshe shi. Kuma kada a shimfiɗa shi a miƙe, a ba shi gangara: duk tsawon ƙafa 4 ya sauka da inci 1. Shi ma daɓen a karkata shi zuwa bakin rariya.

Batun wari kuwa, akwai wani lanƙwasasshen fayif mai kama da harafin U da ake sawa a ƙarƙashin rariya. Kullum yana riƙe ɗan ruwa a cikinsa, wannan ruwan ne ke tare wari da kyankyasai. Wasu masu gyara sukan tsallake shi, su ce ai ba dole ba ne. Kada ka yarda, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Sai inda ruwan zai faɗa. Kada a sake shi a gindin katanga, balle in ginin ƙasa ne. In aka bar shi a lungu kuma, ga sauro, ga rigima da maƙwabta. A haƙa rami nesa da gini, a cika da duwatsu, a rufe. In da rijiya a gidan, a nisanta su, mita 30 in fili ya samu.

Kafin birkila ya zuba siminti, bari gam ɗin mahaɗa ya bushe, sannan ka kwarara bokiti biyu ko uku kana tsaye. In ka ga ɗigo, ko ruwan yana jan ƙafa, a gyara nan take. Allah ya ba da sa'a, Malam.