Kunun Ƙanƙara: Darasin Da Muke Tsallakewa



Dukkanmu mun koya wa yara cewa ƙanƙara kan narke ta koma ruwa. Nan muke ɗiga aya, alhali nan maganar ta soma. A tsoma ma'aunin zafi cikin kofin ƙanƙara mai narkewa, ana motsawa: ba zai gusa daga sifili ba sai ƙwayar ƙarshe ta narke. To, ina zafin ɗakin yake shiga? Masanin nan na Sikotilan, Joseph Black, ya amsa tun wajen 1762, cewa narkewar ce ke shanye shi. Giram ɗaya na ƙanƙara yakan sha zafin da zai ɗaga giram ɗaya na ruwa daga sifili zuwa digiri 80.

Injiniyoyi sun yi kwaɗayin wannan baiwa, sai dai dunƙulen ƙanƙara ba ya bin bututu. Shi ya sa suke samar da ita tsaba-tsaba, ƙasa da milimita ɗaya, cikin ruwa mai ɗan gishiri, su tura da famfo. Ni kunun ƙanƙara nake kiransa. Da irin wannan ƙanƙara ake sanyaya ramin zinariya na Mponeng a Afirka ta Kudu, mai zurfin kusan kilomita 4, inda zafin dutse ya kai digiri 60.

Wahalar tana wajen kwarara, kuma duk mai dama kunu ta san ta. Muddin ƙanƙarar ba ta wuce wajen kashi 15 cikin 100 ba, yana gudu kamar ruwa. In ta doshi kashi 30, sanyin ya ƙaru amma ya yi kauri, ba ya ko motsi sai an matsa masa. Ga shi ƙanƙara ba ta kai ruwa nauyi ba. In gudun ya yi sanyi, sai ta taso saman bututu, ta cunkushe a kwana, ta toshe hanya. In an tsananta gudun, famfo ya sha lantarki. Ko a tanki sai ana juyawa, in ba haka ba tsabar ta manne.

Yaron aji biyar zai fahimci rabin wannan da idonsa, in akwai kofi, ƙanƙara da ma'aunin zafi. Biyun farko muna iya sayowa a bakin makaranta. Na ukun ne babu a yawancin makarantunmu, don haka ina roƙon reshe ya sa shi cikin buƙatun da zai miƙa wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma a wannan zango.