Asalin Wasu Kalmomin Awo na Ingilishi

Duk ma'aikacin da ya taɓa buɗe tsofaffin takardun filaye ya ci karo da inci da yadi da mil da eka. Kalmomin nan an aro su ne daga Ingilishi, amma da aka ƙirƙire su ba ƙayyadadden lissafi suke nufi ba. Jikin mutum da aikin gona suke nunawa, sai daga baya doka ta ɗaure su.

A ɗauki mil. Tushenta Latin ne, "mille", watau dubu, domin mil na Rumawa taki dubu ne, kowane taki kuwa ɗaga ƙafa biyu ne, dama da hagu. Jimla ƙafa 5,000 ke nan. To, manoman Ingila suna da nasu awon, "furlong", watau tsawon kunya guda a gona, ƙafa 660. A shekarar 1593, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, majalisa ta yanke cewa mil kunya takwas ne. Shi ya sa ya zama ƙafa 5,280, adadin da ya daɗe yana wahalar da 'yan makaranta. Eka ma gona kawai take nufi, gwargwadon abin da shanun huɗa za su nome a yini. Yau hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, saboda haka wanda ya rikita su a takarda ya jawo shari'a. Yadi kuwa sanda ce. Sai a 1959 ƙasashe masu amfani da shi suka yarda mita 0.9144 ne daidai.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne inci da oza. Kakarsu ɗaya, "uncia", ma'anarta ɗaya bisa goma sha biyu: na ƙafa idan tsawo ake aunawa, na "libra" idan nauyi ne. Ita wannan "libra" ce Turawa ke taƙaitawa "lb", amma su furta "pound". Bahaushe ya dubi haruffan ya ce laba, ya dubi "oz" ya ce oza. Abin da kunnensa ya ji kuwa, watau fam, ya bar wa kuɗi, aka yi ta ciniki da shi a Nijeriya har naira ta gaje shi a 1973.