Windows 10 ta yi ritaya, ina aka dosa?

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro da ya saba. Kwamfutar tana kunnuwa lafiya lau, sai dai ta zama gida ba maigadi.

Windows 11 kuwa tana da tsirfa. Tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, kuma a injinan Intel sai ƙarni na 8 zuwa sama. Da yawa daga cikin tsofaffin HP da Dell 'yan gwanjo, irin waɗanda ɗalibai ke saye a Farm Centre ta Kano, ba su cika wannan sharaɗi ba.

Mai hali yana iya komawa MacBook. Tun da Apple ya fito da injinsa na M1 a 2020, batirin yana daɗewa sosai, abin da mai fama da ɗauke wuta ba zai raina ba. Amma fa akwai tsada, kuma ma'adanar aikinta a manne take, ba a ƙara mata daga baya. Yatsu ma sai sun sake koyo, domin maɓallin Command ne ke aikin Ctrl.

Ga marar hali kuwa, akwai Linux: Linux Mint da Ubuntu kyauta ne, kuma suna tafiya da tsohuwar na'ura. A kansu, manhajar LibreOffice tana buɗe takardun Word. Mai shagon ɗab'i dai ya yi hattara: CorelDRAW da Photoshop ba su da samfurin Linux.

Duk wanda zai sauya, ya fara kwashe takardunsa zuwa wani wuri, sannan ya gwada Linux daga filashi kafin ya goge komai.