Ƙofar Jami'a da 'Ya'yan Leburori

Ya shugaban wannan zama, malamaina na jami'a, iyayenmu masu masana'antu, shugabannin ƙwadago, 'yan'uwana maza da mata. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga Manzonsa, mas'alar da aka ɗora mini ita ce ta rabon guraben karatu a manyan makarantu, da ƙoƙarin da ake yi na buɗe ƙofofinsu ga waɗanda tarihi ko talauci ko naƙasa suka bari a baya. Kuma don kada wani ya zaci zan yi ta kewaye-kewaye, bari in faɗi matsayina tun da fari: ina goyon bayan wannan ƙoƙari, ko da yake ina da ƙorafi mai nauyi game da yadda muke gudanar da shi.

Abin da ya sa maganar ta sake tasowa ba ɓoyayye ba ne. A watan Yuni na 2023 kotun ƙoli ta Amurka, a shari'ar da ta shafi Jami'ar Harvard, ta hana jami'o'i yin la'akari da launin fatar ɗalibi wajen ɗaukarsa, sa'an nan a watan Janairu na 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin rufe ofisoshin da ke kula da irin waɗannan al'amura a ma'aikatun gwamnatinsa. Tun daga nan wasu a ƙasarmu suka ƙara samun ƙarfin gwiwa, suna cewa mu ma lokaci ya yi da za a soke tsarin kaso, a bar maki kaɗai ya yi hukunci.

To, mene ne tsarin da ake son sokewa? A jami'o'in gwamnatin tarayya, kamar Jami'ar Bayero, ana ba da kashi 45 cikin ɗari na gurabe bisa maki zalla, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka lasafta su a matsayin masu ƙarancin ilmin zamani. Kano tana cikin wannan rukuni na ƙarshe, amma yana da kyau masu zargin cewa gata ne aka yi wa Arewa kaɗai su sani cewa Ebonyi da Bayelsa da Kuros Riba ma suna ciki. Asalinsa kuwa ƙa'idar nan ce ta damawa da kowane sashe na tarayya, wadda ta shiga tsarin mulkin 1979, shekara guda bayan kafa hukumar JAMB.

Hujjar masu suka ita ce adalci, kuma ban ɗauke ta da wasa ba, domin uban da ɗansa ya ci maki mai yawa aka bar shi, aka ɗauki wanda bai kai shi ba, yana da haƙƙin ya ji ciwo. Sai dai ina tambaya, shin me makin nan yake aunawa? Idan manomi biyu suka kawo amfaninsu, ɗaya ya noma fadama mai dausayi, ɗayan kuwa ya noma jigawa ba taki, yawan damin da kowa ya ɗaure ba zai gaya maka wanda ya fi ƙwazo ba, sai ka san ƙasar da kowannensu ya sa garma. An buɗe makarantar sakandare ta mishan a Legas a 1859, alhali kuwa sai a 1909 Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya fara koyar da boko a Nassarawa ta Kano, shekara hamsin cif a tsakani. Kuma lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, 'yan Arewa da suka cancanci shiga cikinta ba su taka kara sun karya ba, ba don Allah ya rage musu basira ba, tunda ƙasar da ta fitar da malaman Madabo ba za a tuhume ta da ƙarancin fahimi ba. Da a ce maki kaɗai aka bi tun daga wancan zamani, ba a kafa kwalejin da ta fara a 1960 ta zama Jami'ar Bayero a 1977 da nufin cike wannan giɓi ba, da yawancin malaman da ke zaune a sahun gaba yau suna wata sana'ar dabam.

Ku masu masana'antu kun fi kowa sanin cewa maganar ta wuce sadaka, maslahar kanku ce. Duk wanda ya shiga kamfanin jima a Challawa ya ga yadda manyan ganguna ke juya fata cikin ruwan sinadari har ta fito shuɗiya-shuɗiya, ya kuma bi magudanar da ke bayan katanga ya ga launin ruwan da ke gangarawa zuwa kogi, inda masu lambu ke ban-ruwan latas da kabeji, ya san akwai buƙatar masana kimiyyar haɗa sinadarai da injiniyoyin tace ruwa. Haka ruwan Sharaɗa yake bi ta Salanta, na Bompai kuma ta Getsi ya faɗa Jakara. Masanin da aka ɗauko daga nesa zai yi aikinsa ya karɓi albashinsa, ba laifi. Amma yarinyar da ta tashi a Panshekara ko Dakata, wadda mahaifiyarta ke wanki da wannan ruwa, idan ta samu ilmin, himmarta a kan gyaransa dabam ce.

Yanzu ga ƙorafina, kuma ina roƙon iyayena su yi mini haƙuri. Tsarin nan yana duban jihar ɗalibi, ba ya duban gidansu. Saboda haka ɗan babban ma'aikaci da ya yi makarantar kuɗi a unguwar Nassarawa, ya yi ta gwajin jarrabawa a kan kwamfutarsa ta kansa, shi da ɗan leburan da ke tsaye a ƙofar kamfani a Sharaɗa da sassafe yana jiran a kira masu aikin yini, wanda bai taɓa sa hannu a kan kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, dukansu a takarda 'yan jiha mai ƙarancin ilmi ne, kuma kun san wanda zai rigayi wani zuwa gurbin. Ga kuma takardun alfarma da ke zuwa daga manya. Rangwamen da aka yi domin mai rauni, idan mai ƙarfi ya cinye shi, ya zama zalunci biyu: an zalunci wanda aka bari duk da makinsa, an kuma zalunci wanda aka yi rangwamen da sunansa.

Ƙorafina na biyu ya fi ɗaci a baki. Tun zamanin da Bompai ke matsar gyaɗa, injinan garin nan hannuwan Ibo da Yarbawa da Tibi da Igala da mutanen Kudancin Kaduna suna cikin masu juya su. Da yawansu a nan suka haihu, 'ya'yansu Hausa suke yi kamar ni da ku, ba su san wani gari ba sai Kano, amma ranar neman gurbi sai a ce su kawo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumar da kakansu ya baro, a wasu makarantun jihohi kuma kuɗin da za su biya ya ɗara na ɗan asalin jihar. Ba zai kyautu mu nemi a yi mana uzuri a Ibadan ko Nsukka, mu kuma mu hana ɗan maƙwabcinmu na Sabon Gari irinsa ba.

Batun mata ba zan tsawaita ba, domin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riga ya yi wa malaman zamaninsa faɗa a kan barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta nuna abin a aikace da 'Yan Taru. Wanda ya ce ilmin mace baƙon abu ne, tarihin gidansu ne bai karanta ba.

Masu naƙasa kuwa, kowane ɗalibin tafsiri ya san sababin saukar surar Abasa da ƙissar Ibn Ummi Maktum, makahon da ya zo neman ilmi. Tun 2017 hukumar JAMB take shirya wa makafi jarrabawa ta musamman, inda ake karanta musu tambaya su huda amsa a takarda da ɗan tsinken rubutun makafi, kuma a watan Janairu na 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa masu naƙasa bambanci, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a. Wa'adin ya cika. Yaron da ya fito daga makarantar masu naƙasa ta Tudun Maliki ya ci jarrabawa, idan ya tarar ajinsa yana saman bene ba hanyar keke, ko littattafansa ba wanda aka juya zuwa rubutun da yake iya shafawa, sunansa kawai aka ɗauka, shi yana waje.

Saboda haka ina kira ga hukumomin jami'o'inmu da su riƙa duban makarantar da ɗalibi ya fito da halin gidansu yayin cike kason nan, su kuma bayyana wa jama'a yadda aka raba shi kowace shekara. Ku kuma iyayenmu na Sharaɗa da Challawa da Bompai, na san halin da kuke ciki na rashin wuta da tsadar man inji, na san kamfanoni nawa suka rufe ƙofa tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Duk da haka ina roƙon kowane kamfani da injinsa ke juyawa ya ɗauki nauyin karatun ko da ɗa guda daga cikin 'ya'yan leburorinsa, ba tare da tambayar garin kakansa ba, kuma idan ɗalibai sun zo horon sanin makamar aiki, ku karɓi mace, ku karɓi gurgu da kurma, ku sa su a gaban inji da ɗakin gwaji, kada ku sa hannu a littafinsu kawai ku sallame su.

Allah ya ba mu ikon yi.