Haɗa Wayoyin Hoto Da Sauti A Tsohuwar Sega: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Shekara



Da Sakatare ya ce in yi magana kan sana'ata ta gyaran kayan lantarki, sai na ga gara in zo da abu a hannu. Wannan akwatin da ke kan tebur Sega ce, Mega Drive ta biyu, irin wadda ta fito a 1993. Malamai su yi mana afuwa: da yawa daga cikinmu mun tsallake katanga saboda ita, mun ƙarar da kuɗin tara a gidan gem kan Sonic da Mortal Kombat. Tawa ce tun wancan lokaci. Bara ɗana ya karye a cinya, aka ce sai ya yi wata biyu a kwance, ga wuta ba ta zama. Shi ne na ɗauko ta na ce bari in sa mata allo da lasifika da batir, ta zama abin riƙewa a hannu. Ba ni na fara ba. Kamfanin Sega da kansa ya fito da irin wannan a Amurka a 1995, mai suna Nomad, tana cin batir shida cikin 'yan sa'o'i. A shekarar 2000 kuma wani Ba'amurke, Benjamin Heckendorn, ya yi wa Atari 2600 haka a gida, mutane suka bi sahunsa. Sai dai ni fanel ɗaya gare ni, in na ƙona shi ke nan.

Mu fara da hoto. A cikin fanel akwai wata 'yar IC da ke karɓar launuka uku, ja da kore da shuɗi, ta cuɗa su da siginar da ke gaya wa allo inda kowane layi zai fara, ta fitar da duka ta waya guda. Wannan ita ce wayar nan mai kai rawaya da muke sakawa a bayan talabijin. Ƙarfin siginar bai wuce bolt 1 ba, kuma an tsara ta ne ta shiga allo mai juriyar om 75. Saboda haka ban taɓa ƙafafun IC ɗin ba. Na cire soket ɗin baya, na like wayata a gurbinsa, domin kafin siginar ta iso nan ta riga ta ratsa resisto da kwandansan da masu ƙira suka sa mata. Wanda ya yi gaggawa ya ɗauko daga ƙafar IC kai tsaye, sai ya nemo waɗannan biyun ya sa da hannunsa, in ba haka ba hoto ya yi fau kamar an wanke shi.

Allon kuwa na mota ne, irin wanda direba ke kallo in zai yi baya. Akwai mai inci 4.3, mai faɗi, akwai mai inci 3.5. Na zaɓi ƙaramin. Dalili shi ne yawancin wasannin Sega ɗigo 320 ne a kwance, 224 a tsaye, shi kuma ƙaramin allon 320 da 240 ne, kusan ɗinki ɗaya. Mai faɗin yana miƙe hoto, sai ka ga Sonic ya yi ƙiba kamar ya ci kuɗin kwangila. Sannan a duba tsari. Talabijin ɗinmu na Nijeriya PAL ne, yana sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa. Na Amurka da Japan NTSC ne, kusan sau 60. In na'ura da allo ba su yi daidai ba, ko launi ya ɓace ko hoto ya riƙa gudu sama. Yawancin allunan mota suna karɓar duka biyun, amma ni sai da na gwada a shago kafin in biya.

Sauti ya fi sauƙi a baki. Waya biyu ne, hagu da dama, a wannan gurbin soket ɗin. Amma ba su da ƙarfin motsa lasifika, sai an sa musu ƙaramar amfilifaya. Na sa PAM8403, wadda ke aiki da bolt 5, na sa maɓallin ƙara murya tsakaninta da fanel. A nan na yi ɓarnar farko. Sabo ya sa na haɗa baƙaƙen wayoyin lasifikun biyu wuri guda, kamar yadda muke yi a tsohuwar rediyo. Ita kuwa wannan amfilifayar kowace lasifika tana tura mata wuta ta ƙafa biyu ne, babu wadda ke zaune a ƙasa. Ina kunnawa na ji ƙauri. Alhamdu lillahi ita kaɗai ta tafi, fanel bai ji komai ba. Saboda wannan dalili, mai son ramin abin sawa a kunne kada ya ɗauko shi daga bayan wannan amfilifaya.

To, na gama, hoto ya fito, sauti ya fito, na kira mai ɗakina ta gani. Sai ga wasu layuka suna rarrafe a kan allo, lasifika kuma tana wani zuu kamar sauro. Wannan ya ci mini mako biyu, kuma shi ne ainihin abin da na zo faɗa.

Asalin Sega, wuta tana shigo mata da yawa, sai wani ƙarfe mai lamba 7805 ya rage ta zuwa bolt 5, ya zubar da rarar a matsayin zafi. Yana bukatar kimanin bolt 7 kafin ya yi aiki. Batirina guda biyu ne na lithium, 18650, jimlarsu bolt 7.4, da sun ɗan sauka sai wasa ya mutu. Don haka na musanya shi da na zamani, wanda ke kunna wuta yana kashewa sau dubbai a daƙiƙa. Ba ya ɓarnar batir, amma wannan kunna-kashen hayaniya ce. Ni kuma don tsimin waya, na jera wayar ƙasa, wato hanyar da wuta ke komawa batir, daga allo zuwa amfilifaya zuwa fanel, kamar jerin gwano. Duk wutar da allo ya sha sai ta bi ta ƙofar sauti kafin ta koma gida.

Malaminmu na Fizik yana zaune a nan, Allah ya ƙara masa lafiya. A aji huɗu ya rubuta mana dokar Ohm, ya ce kowace waya tana da juriya komai gajartarta, kuma in wuta ta ratsa juriya sai an sami bambancin bolt. Na haddace don jarrabawa kawai. Ranka ya daɗe, sai bayan shekara kusan talatin na gane. A siginar da duka-duka bolt 1 ce, ɗan abin da ya ɓata a wayar ƙasa ma ido zai gan shi, kunne zai ji shi.

Na warware komai. Kowane sashe na ja masa wayar ƙasa tasa, mai kauri, suka haɗu a wuri ɗaya kusa da batir. Wayar hoto na sa mai rigar ƙarfe, na gajarta ta, na kauda ita daga gefen mai rage wuta. Na ƙara kwandansa a bakin amfilifaya. Layukan suka tafi. Sauron bai mutu gaba ɗaya ba, in ɗaki ya yi tsit za ka ji shi kaɗan, na bar shi haka.

Gargaɗi ɗaya ga wanda zai gwada: batirin lithium ba a sa shi ba tare da ɗan allon kariyarsa ba, kuma ba a ɗora masa ƙarfen narka dalma kai tsaye. Yana kamawa da wuta.

Yaron ya warke, yana takawa. Abin da ban zata ba, tun a mako na uku ya ajiye wasan ya ce in ba shi mita ya auna wayoyin da kansa. Ya Shugaba, ranar Alhamis na leƙa ɗakin gwaje-gwajenmu, ban ga ƙarfen dalma ko ɗaya mai aiki ba. Ina roƙon a sa ƙarfe goma da mita goma cikin kasafin bana. Ni na ɗauki nauyin zuwa kowace Asabar ta farkon wata in zauna da yaran. Akwatin yana nan, an sa kaset ɗin Sonic, mai so ya zo bayan sallar La'asar. Malamai ne farko.